Kawu Buroshi da Duwatsun Dakta

A cibiyar binciken da nake aikin akawu akwai wani dattijo da kowa ke kira Kawu Buroshi. Duwatsu ne sana'arsa. Masu haƙa sukan zaro su daga can ƙarƙashin ƙasa, dogaye kamar taɓarya, su kawo a akwatuna. Ni in rubuta lambarsu, shi kuma ya yanka, ya goge, ya wanke, ya busar a na'ura har ƙananan ramukan jikinsu su buɗe. Tun zamanin da ake neman man fetur yake wannan aiki. Matarsa takan ce mai yi wa dutse wanka bai taɓa ɗauraye kofin shayinsa a gida ba. Burinsa ɗaya ne, ritaya ta same shi a ɗakin duwatsun nan.

Sai dai bincike ba ya zama wuri ɗaya. Da aka gaji da fetur, aka koma neman inda za a binne hayaƙin masana'antu. Yanzu kuma iskar haidurojin ake yayi: a tura ta cikin ramukan dutse a ajiye, ranar buƙata a zuƙo ta a samar da lantarki. Kawu ya ce shi duk ɗaya ne, dutse dai sai da wanka.

Sabuwar Daktar da aka kawo mana kuwa wata tambaya ce ta dame ta. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune a ruwan gishirin da ke cikin dutsen, kuma suna cinye iskar da aka ajiye. Su take son nazari, don haka duwatsunta take so da lakarsu da damshinsu. An yi wannan bayani a ɗakin taro na sama, inda ba a kiran Kawu sai in za a jera kujeru.

Duwatsun suka iso tana wurin wani taro. Kawu ya ɓare ledar da kakin da aka liƙe su da shi, wari ya buge shi, ya ce masu haƙan zamani sun zama ƙazamai. Ya naɗe hannun riga. Kafin ta dawo ya wanke su tas, ya busar, ya jera.

Ina tsaye da takardun karɓa lokacin da ta shigo.

"Kawu, ina lakar?"

"Na raba ki da ita, 'yata. Shinshina ki ji, ko a kan gado kya iya ajiye su."

Ta zauna a kan akwati. Can ta ce, "Kawu, lakar ce aikin. Ka kashe mini su duka." Ya waiga yana neman abin da ya kashe.

Injin haƙar ya riga ya koma wani aiki, ba ranar dawowa. Shugaban cibiya ya ce a mayar da Kawu sito, wurin tsintsiya da karyayyun kujeru. Dakta ta roƙa masa, duk da asararta. Ni ma na nuna cewa babu wani umarni da ya sauko ɗakin duwatsu, a rubuce ko da baki. Shugaba ya ce ai duk mai bin bincike na zamani ya san wannan. Ni aka sa na buga takardar sauyin.

Jiya na tarar da shi a bakin tagar tsohon ɗakinsa, yana leƙen duwatsun da ba wanda ya sake taɓawa. Ya ce, "Malam akawu, da an ce mini akwai masu rai a ciki, ai har ruwa zan riƙa ba su." Aka kira shi ya kai kujeru sama, ya tafi.