Larai Mai Tsaron Ƙofar Masu Jego

Shekara goma sha ɗaya Larai ta yi tana zama a bakin ƙofar ɗakin masu jego na wata ƙaramar matarnite, wato asibitin haihuwa, a Zinder. A gabanta akwai buta, sabulu da bokitin ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Duk mai son shiga sai ya wanke hannu har gwiwar hannu. Mai jego ɗaya, baƙo ɗaya. Mai tari ko mura ba ya shiga. Ba a sa wa cibiyar jariri komai sai maganin da sajfam, ungozomar asibiti, ta bayar.

Ba ita ta kafa dokokin ba, amma ita ake jin haushi. Matan unguwa suna ce mata Jandarma.

'Yar ƙauyen Droum ce. A gidan mijinta Nomau ta haifi 'ya'ya biyu, kowanne aka gasa masa cibiya da tsumma, aka shafa toka, kowanne ya rasu kafin suna. Bayan Nomau ya rasu ta taho birni ta sami aikin shara. Wata sajfam ce ta zaunar da ita wata rana ta bayyana mata yadda datti ke shiga jikin jariri ta cibiya. Larai ta tuna 'ya'yanta biyu. Ta koma ɗakin da take haya a unguwar Garin Malam, ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Da aka nemi mai tsaron ƙofa, ita ta ce a ba ta.

Bara, da damina, aka kawo Zakiyya, 'yar yayarta Maryama, daga ƙauye. Haihuwar ta zo da wuya, yaron kuma bakwaini. Washegari da hantsi sai ga Maryama da ƙwaryar kunun kanwa, tana tari tun daga bakin titi.

"Yaya, sannu da hanya," in ji Larai, ta miƙe ta karɓi ƙwaryar. "Kunun zai shiga. Ke dai ki dakata sai tarin nan ya sake ki."

"Ni? Jikana ne a ciki."

"Na sani, Yaya. Ƙarami ne ƙwarai. Zo ki leƙa ta taga, zan ce ta ɗago miki shi."

Maryama ta dube ta sama da ƙasa, mata suna kallo. "Ina kika san zafin jika, ke da ko ɗan ba ki raya ba?"

Larai ta kai kunun ciki, ta dawo ta zauna. Maryama ba ta leƙa tagar ba.

Kwana tara yaron ya yi kafin a sallame su. Sai bayan sun koma Droum aka yi suna, ba a aiko wa Larai da goro ba. A bakin direban motar kasuwa ta ji an sa masa Abdulmumin. Atamfar da ta saya wa mai jego tana nan cikin akwati.

Bayan arba'in Zakiyya ta kawo shi rigakafi. Ta tarar da Larai ita kaɗai a gindin dogon yaro tana cin ɗanwake.

"Inna, ga ɗanki."

Larai ta daɗe tana riƙe da shi. Ya yi nauyi, kumatu sun fito.

"Yaya fa?"

Zakiyya ta sunkuyar da kai. "Har yanzu ba ta son a ambace ki. Ki ba ta lokaci."

Da babbar salla Larai ba ta je gida ba, ta karɓi aikin wata abokiyar aikinta mai iyali. Saura shekara biyu ta ajiye aiki. In aka tambaye ta ko Droum za ta koma, cewa take ba ta yanke shawara ba tukuna.