Aljanin Ɗakin Fayil

Ku da aka ɗauka aiki bana, ku matso ku ji. Har yau ban manta da Talatar da fitila ta tona mini asiri ba. Lokacin watana huɗu da fara shara da goge-goge a wannan ofishi namu na kamfanin riɗi da zoɓo, nan kan hanyar Maigatari.

Ga wanda bai san ginin ba, gilashi ne tun daga ƙasa har sama, wai a Abuja aka zana shi don tattalin wuta da ruwa. Sola ce a rufi. Famfo sai ka miƙa hannu yake zubowa, ya ɗauke kafin ka kurkure baki, shi ya sa kowa da butarsa a ƙarƙashin tebur. Fitilu ba su da makunni, motsi suke ji su kama. A ofishin Manaja kuma akwai allo mai nuna duk ɗakin da ke cin wuta. Taga ba ta buɗuwa. Da bazara, in rana ta take, na'urorin sanyi sukan fi ƙarfin sola, sai ka ga manyan ma'aikata sun kwashi takardu sun koma gindin darbejiyar da ɗan kwangila ya manta bai sare ba.

Dokar aiki ta hana zuwa da yara. Ni kuwa 'yata Ummi watanta biyar, surukata na kwance, ba wanda zan bar wa ita. Kullum sai in lulluɓe ta da hijabi in wuce Baba Sale maigadi, shi kuma ya duƙufa kan rediyonsa kamar bai gani ba. Ɗakin ajiye fayil nake kwantar da ita, can ƙarshen lungu, don shi kaɗai ne mai bangon bulo, ga sanyi kamar gindin randa. Makullinsa yana hannuna. Ina shara kunnena na wajenta.

Ashe Ummi ta fara juyi. Ta ɗaga ƙafa, fitila ta kama. Ta yi barci, fitila ta ɗauke. Manaja yana zaune yana ganin ɗaki a kulle yana cin wuta.

"Ke Hadiza, wa ke shiga ɗakin nan?"

"Yallaɓai, ni dai ban ga babban mutum ya shiga ba."

Sai akawu ya rantse ya ji kukan jariri a ciki. Shi ke nan, aka ce aljani ne. Manaja mai digiri biyu ya sa aka kawo malami ya yi tofi a ƙofa, kowa ya daina bin lungun. Allah Ya yafe mini, sati uku na samu ina numfashi.

Ranar Talatar, wata injiniya ta zo daga Kano duba ginin. Yadda ake yi, ɗaki-ɗaki take bi tana ba da maki, in maki ya cika a ba kamfani takardar shaidar gini mai tattali. Tana kallon allo ta ga ɗakin fayil na cin wuta, ta ce a buɗe shi.

Manaja ya yi ƙasa da murya. "Hajiya, ɗakin nan fa akwai masu shi."

"To mu gaisa da su."

Na murɗa makulli. Ga Ummi a kan zanina tsakanin fayiloli, tana tsotsar ɗan yatsan ƙafarta, fitila tar a kanta. Manaja da ya laɓe bayan akawu ya fito ya daka mini tsawa: "Daga gobe kada in ƙara ganin ƙafarki a nan!"

Injiniya ba ta kula shi ba. Ta ce, "Baiwar Allah, me ya sa kika zaɓi nan?"

Tunda aiki ya riga ya tafi, na ce, "Hajiya, sauran ɗakunan tanda ne. Nan ne kawai mutum ba ya dahuwa."

Ta ɗaga abin awon zafinta, ta duba, ta yi dariya. Sannan ta ce a takardarta akwai maki na ɗakin masu shayarwa, ga shi ta samu, a ɗaki mafi sanyi ma.

Wallahi ban ga lokacin da fuskar Manaja ta sauya ba. "Ai dama tsarinmu ne, Hajiya! Ni na ba da umarni. Hadiza, ɗauki 'yata mana, kada ta yi kuka."

Aikina ya tsira, takarda ta fito. Aka yi wa ɗakin fenti, aka sa labule da kujera, aka rubuta suna a ƙofa. Sai aka kulle shi don kada ya yi datti kafin baƙi su zo, makulli ya koma aljihun Manaja. Ummi ta ƙarasa bazarar a gindin darbejiya, kan cinyar akawun da ya ce aljana ce.

Abin da na koya shi ne, a wurin nan abin da baƙo zai gani ake gyarawa, mu da ke ciki sai mu nemi inuwa. Ke mai goyo, in kin samu lungu mai sanyi, ki yi shiru, kada ki bari a rubuta masa suna.