Mutumin da ke faɗa wa Inna lokacina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ƙanwata Hadiza ta turo mini saƙon murya daga Madawa: Mushe Idi ya rasu.



Shi ya koya mana Ingilishi a lakwal, wato makarantar boko, inda Mushe muke ce wa malami. Kafin nan ya yi tafinta ga wasu 'yan Suwidin da suka zo dashen itace wajen Keita. Da na samu karatu a ƙasarsu, ya zaunar da ni a garkarsa ya ce, "Sani, mutanen nan awar da ke tafe suke kallo. In sun ce rabin biyar, Bature mai Ingilishi rabi bayan huɗu zai ce. Kada ka je ka ba ƙasarmu ta Adar kunya."

Na yi dariya. Ashe wannan lissafin shi zai riƙe ni da uwata.

Inna ba ta san agogo ba, kuma garinmu bayan Ibohamane babu rezon waya sai an hau tudu. Ni kuwa ranar Juma'a kaɗai nake samun sararin kiran ta, rabin biyar ɗin nasu. Mushe ne ke juya shi zuwa Ingilishi a kansa, ya juya zuwa agogon Nijar, sannan ya ce mata, "Hajiya, in inuwar zaure ta taɓa turmi, ki ɗauko mayafi." Sai ya goya ta a moto, wato babur, su hau tudu, ya miƙa mata wayarsa, ya koma gefe kamar ba ya nan.

In 'yan Suwidin suka matsa agogonsu, shi ke fara tunawa. Ya kira ni yana faɗa: "Mutanenka sun sake taɓa rana! Su ba su gajiya ne?" Ranar sai ya sa a ja turmin baya.

Ko kuɗin mai bai taɓa yarda na ba shi ba. In na matsa sai ya kashe waya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar Madawa ne, lokacin da na zo hutu. Ya rame, amma bakin nan na nan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yi karatunka. Tsohuwa tana wuyana."

Hadiza ta ce da aka gaya wa Inna, sai ta ce, "To yanzu wa zai faɗa mini lokacin Sani?"

Nan ne na fashe da kuka.

Allah Ya jiƙan Mushe Idi, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Kuma yau Juma'a ce. In akwai mai moto a Ibohamane da ya ga wannan, turmin yana inda Mushe ya bar shi. In inuwa ta taɓa shi, a taimaka a hau da ita tudu. Ina nan riƙe da waya.