Kurangar da Kaka Ya Bar wa Tsuntsaye

Jiya na sayi inabi a unguwar Al-Sih, na sa ɗaya a baki, salam kamar ruwa. Nan take Kaka ya faɗo mini a rai.

Gonarmu tana bayan Bi'ir Ali, daga mahaifinsa ya gaje ta. Akwai baƙin inabi, akwai fari, ga banati, ƙananan nan marasa ƙwallo. Da sun fara nuna, sai ya bi kowane nonon inabi ya sa masa jakar takarda saboda tsuntsaye. Kuranga ɗaya tak yake bari a buɗe, kuma ita ta fi zaƙi.

Wata rana na ce, "Haba Kaka! Banatin za ka ba tsuntsaye?"

Ya ce, "Amarya, sun riga ki zuwa gonar nan. Kuma su ba sa yi mini tsiwa."

Ya tsinko abin da suka rage ya miƙo mini, da ɗumin rana a jikinsa, zaƙi har maƙogwaro.

Bana kawuna ya zo da jakunkuna zai rufe kurangar tsuntsayen. Na tsaya a gabanta na ce khalas, magana ta ƙare, ba mai taɓa ta. Haka ya haƙura.

Allah ya jiƙan Kaka, ya zaunar da shi a inuwar inabin Aljanna. Na san ko a can sai ya bar wa tsuntsaye rabonsu.