Baba Yohanna da Kwalin Boris

Ranar Talata da hantsi ina durƙushe a ƙofar shago, ina ɗaure noti a jikin wani allo mai tayu, sai wayata ta yi ƙara. Hannatu ce, 'yar autar Baba Yohanna. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Yaya Saratu, Baba ya rasu." Na ce mata ta daina wannan wasan, ai ranar Juma'ar nan ya zo shagona da ƙafarsa. Sai na jiyo kukan Mama Rifkatu daga bayanta. Wayyo Allah! Ban san sanda na ja ƙofa na tari Keke zuwa Kakuri ba. Sai da muka kai rabin hanya na lura sifana na nan a hannuna.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Yohanna makanikin injin saƙa ne. Ya fi shekara ashirin yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, har ranar da aka sa mata kwaɗo. Aminin mahaifina ne, marigayi Markus, tare suka baro ƙauye suna samari, tare aka ɗauke su aiki. Bayan an rufe masaƙa sai ya koma gyaran fanka da injin niƙa a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Ba shi da yawan magana, amma yana da kunne. Wata doguwar sukudireba ba ta barin aljihunsa, har coci da ita yake zuwa, Mama ta yi mita har ta gaji. Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi ya miƙe ya je ya kashe fankar da ke kan layin zumuntar mata, ya dawo ya zauna kamar bai yi komai ba. Da aka sauko da ita bayan sujada, sai aka tarar saura ƙiris ta faɗo. In ka kai masa gyara, kafin ya taɓa komai zai ce, "Kashe rediyon nan, ina sauraro."

Na gama makaranta, na yi shekara uku ina yawo da takardu, babu aiki. Daga nan na ƙudurta buɗe shagon siketbod a Narayi, wato allon nan mai ƙananan tayu huɗu da matasa ke tsayawa a kai suna sheƙa gudu a kwalta. Dariyar da aka yi mini ba kaɗan ba ce. Wai mace da digiri za ta sayar da kayan wasa. Mahaifiyata har kuka ta yi. Baba Yohanna ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya karɓi allon da na kai masa, ya kife shi, ya juya taya da ɗan yatsa, ya kara kunne, ya ce, "'Yar Markus, wannan ai inji ne, wuta ce kawai babu." Shi ya kafa mini katakan jera kaya, kuma ko ruwan leda na miƙa masa sai ya ce in ajiye wa baƙi.

Mai kawo mini kaya wani mutum ne a Legas, Oga Felis, ta waya muka san juna. Bakinsa kamar zuma. "Madam Kaduna" yake kirana. Duk abin da na mallaka na zuba a odar farko, allo talatin da tayunsu da boris ɗinsu. Boris shi ne ɗan zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke cikin taya yana sa ta juyawa, kuma kowane allo guda takwas yake ci. Sati uku Oga Felis yana juya ni. Yau kaya na tasha, gobe direba ya tashi, jibi mota ta lalace a hanya. Ni kuwa da gaggawata na riga na sa ranar buɗewa, Asabar. Na manna takardu a jikin fal-fal ɗin wuta, Fasto ya yarda zai zo ya yi addu'a, zumuntar mata za su zo da waƙa, matasan unguwa kullum sai sun leƙo sun tambaya. Kaya ba su iso ba sai ranar Laraba.

Muka buɗe kwalaye ni da Baba. Alluna lafiya lau, tayu ma haka. Boris kuwa kowanne cikin ledarsa, sai ƙyalli yake. Ina ta murna, Baba ya ɗauki ɗaya ya sa a taya, ya ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a kunnensa, ya juya tayar. Ya saurara. Ya cire ya sa wani. Ya sake sa wani. Kafin ya kai na goma na ga fuskarsa ta canza. Ya nemi allura ya ɓamɓare murfin guda ɗaya, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Fetur," in ji shi. "Tsofaffi ne, sun gama aikinsu a wani wuri. An wanke su, an cusa musu giris mai kauri don kada a ji kukansu. Sati ɗaya, biyu, za su yi lafiya. Ranar da suka ɗau zafi, taya za ta cije lokaci guda, allo ya tsaya, wanda ke kai ya wuce."

Na ce, "Haba Baba, dubi yadda suke ƙyalli!"

Ya ce, "Ni ba na tambayar leda, abin da ke ciki nake tambaya."

Nan take na kira Oga Felis, na buɗe muryar wayar don Baba ya ji. Da farko dariya ya yi, ya ce wane tsoho ne wannan da ke duba kaya da kunne. Da na dage sai zumar ta ƙare. Ya ce irinsu kowa ke sayarwa, babu wanda ya taɓa mutuwa. Ya ce in na kuskura na mayar masa da kwali ɗaya, in manta da lambarsa, akwai wani a Kaduna da ke roƙonsa kaya tun bara. "Madam, ki yi tunani," ya ce, ya kashe waya. Ban san wani mai kawo irin waɗannan kaya ba a lokacin, shi kaɗai nake da shi. Ko dai in sa boris ɗin nan a ƙarƙashin ƙafafun 'ya'yan mutane, ko kuma shago ya mutu tun ba a buɗe shi ba.

Zan faɗi gaskiya, domin a gaban mamaci ba a kwaskwarima. Ranar Alhamis da sassafe na zo na fara ɗaura su. Na gaya wa kaina cewa zan canza wa kowa kyauta in kaya masu kyau sun samu. Na gama allo huɗu Baba ya shigo. Ya dubi hannuna, ya dube ni, ya ce, "Ajiye sifanar nan." Kowa ya san ni da zuciya, kuma ranar ta hau. Na ce masa shagona ne, ba nasa ba. Na ce masaƙarsu ta mutu tun ina firamare, kunnensa ya tsufa, ya koma gindin mangwaronsa ya bar ni in nemi abinci. Da bakina na faɗa wa mutumin da ya riƙe ni a hannu ranar da aka yi mini suna. Har yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Bai ɗaga murya ba. Ya ja kwalin boris ɗin ya zauna a kai. Sannan ya ce, "Me aka gaya miki game da hannun babanki?"

Mahaifina yatsu biyu ne suka rage masa a hannun dama. Tun ina ƙarama ni nake ɓalla masa maɓallin riga in za mu coci. Na ce, "Hatsari ne a wurin aiki."

Ya ce, "Ni na duba injin. Wani ɗan kwangila ya kawo mana irin waɗannan, wankakku. Na sa kunne, na ji. Foman, shugaban aikinmu, yana tsaye a kaina, ga odar atamfar Kirsimeti an matsa mana, ya ce in na tsayar da inji in nemi wani aikin. Ina da yara ƙanana. Na ce zai kai ƙarshen wata. Kwana tara ya yi. Ranar da ya cije, Markus ne a kan injin." Ya dube ni. "Na gaya masa a gadon asibiti. Ya ce in bar maganar, kuma bai sake ɗaga ta ba har ya koma ga Allah. Amma ke kika ɓalla masa maɓalli duk shekarun nan, ina gani. Ki yafe mini, Saratu."

Na ji haushinsa, haushi mai tsanani. Na fice na bar shi zaune. Na tsaya a bakin titi ina kallon gangaren nan da matasa ke saukowa a guje, wanda ya ƙare daidai mahaɗar da Keke da bas ke ketawa. Na daɗe a tsaye. Daga baya na koma ciki. Na ɗauki allo na farko na fara kwance tayun da na ɗaura. Shi ma ya ɗauki wata sifanar ya kama na biyu. Haka muka yi aikin har muka gama, ba mai kallon wani.

Ranar Juma'a ya ce in biyo shi. Ashe girman boris ɗin allo ɗaya yake da na wasu ƙananan injuna, shi ya gane haka. Muka bi shagunan masu kayan fanka da na janareta, daga Kakuri har Tudun Wada, cikin rana, yana jan ƙafa saboda ciwon gwiwa. Duk inda muka shiga sai ya saurara ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye biyar ya ɗauki ɗaya. Wasu suka ji haushi suka kore mu. Wani dattijo, Alhaji mai kayan injin niƙa, da ya ga abin da yake yi sai ya kashe rediyonsa da kansa, ya ce wa masu hira a bencinsa, "Ku yi shiru, malami na aiki." Zuwa la'asar mun samu abin da zai ishi allo bakwai.

Da allo bakwai na buɗe shago. Sauran ashirin da uku suna rataye a bango babu taya. Fasto ya yi addu'a, mata suka yi waƙa, matasa suka yi ta tambaya ina sauran, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar Litinin na kai kwalin tasha na mayar wa Oga Felis, ya toshe lambata kamar yadda ya yi alkawari. Wata biyar shago yana tangal-tangal, akwai satin da ban sayar da komai ba sai noti. Daga baya na samu wata mata mai kawo kaya wadda ta amince da sharaɗina, cewa ba na karɓar kwali sai Baba ya saurare shi. Shekara biyu ke nan, babu wanda taya ta taɓa cije wa a kan allon da ya fito daga shagona. Iyayen Narayi ba su san wanda ya kamata su gode wa ba, to yau na faɗa musu.

Sai dai akwai abin da ban yi ba. Tun ranar Alhamis ɗin nan ban ba shi amsa ba. Duk sanda kaya suka iso yakan hau Keke ya zo. Nakan sayo masa abinci, nakan kai masa maganin hawan jini har gida, ina ganin ai wannan ma amsa ce. Ba amsa ba ce, kuma na sani. Taurin kai ne kawai. Shi bai sake tambaya ba, sai Juma'ar da ta wuce. Ya gama duba kaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "'Yar Markus, ko akwai sauran magana tsakaninmu?" Na gane abin da yake nufi sarai. Na ce, "Baba, ga kwastoma na jira, sai wani satin." Ya gyaɗa kai ya tafi.

Kafin in rubuta wannan sai da na durƙusa gaban Mama Rifkatu na nemi izini, domin sirrin mijinta ne. Ta ce in faɗa, shi ma ya sha cewa da matasan makanikai za su ji labarin da ya fi masa. Saboda haka ina faɗa a gaban iyalinsa da duk wanda ya karanta. Baba, na yafe maka. Tun ranar da muka kwance tayun nan na yafe, bakina ne ya ƙi buɗewa. Kai ma ka yafe mini maganar da na gaya maka, da shirun da na bar ka a ciki har ka tafi.

Ya Ubangiji mai jinƙai, Ka karɓi bawanKa Yohanna, Ka gafarta masa kurakuransa, wanda ya faɗa da bakinsa da wanda Kai kaɗai Ka sani, Ka ba shi hutu a wurinKa. Ka ta'azantar da Mama Rifkatu, Ka riƙe Hannatu da yayyenta da jikoki, Ka zama musu uba a gidan nan na Kakuri. Ni kuma da na makara, Ka isar masa da amsata. Amin.