Ƙofa Mai Inci Ashirin da Huɗu

Mijin yayata, duk layinmu Sai Asabar ake ce masa, kuma ni na laƙaba masa sunan, ban ɓoye ba. Ka ce masa famfo na yoyo, sai Asabar. Ka ce 'yarsa Tilo na son ya je makarantarsu, sai Asabar. Asabar ɗin ta zo kuwa, ko ƙurarsa ba ka gani.

Aikinsa yanka ne a wani kamfanin da ke ɗinka wa ma'aikata yunifom. Na taɓa kai masa saƙo can sau ɗaya. Dogon tebur ne, a shimfiɗa yadi hawa hamsin, ya ɗora kwalin awo a kai, ya zagaye da alli, ya bi da injin yanka. Kwalayen nan suna rataye a ƙusa, wasu sun girmi Tilo. Bai taɓa ganin mutanen da ke sa rigunan ba. Ko sun yi ƙiba, ko sun rame, ko sun mutu, shi dai kwali yake bi, kuma bai taɓa kuskuren rabin inci ba. Da wannan yake taƙama.

Ɗaki biyu suke haya a bayan wani shagon walda, bangon kullum a jiƙe, katifa na warin sanyi. Tun yana yaro haya suke yi, an kori iyayensa daga gida har sau huɗu, ya ce shi matarsa ba za ta tsufa a ɗakin wani ba. Da ya samu ɗan fili a bayan gari, ya yanke cewa Litinin zuwa Juma'a na kamfani ne, Asabar da Lahadi na gini. Shi ne magini, shi ne lebura, shi ne mai ɗebo ruwa. Abokan aikinsa na barci ko kallon ƙwallo, shi yana kwaɓa siminti.

Gaskiya kowa ya yaba masa, har da ni. Sau nawa na tayar da nawa mijin daga barcin Asabar ina masa gori, “Tashi ka ga maza! Dubi mijin Yaya!” Yau in na tuna, kunya ke kama ni.

Sau ɗaya tak Yaya ta je filin, wata Lahadi kafin a haƙa tushe, kuma da ni aka je. Ya tsayar da ita a tsakiyar ciyawa, ya zaro tef daga wuyansa ya shiga auna ta. Faɗin kafaɗa, tsayin gwiwar hannu, daga ƙasa zuwa ido, har iya inda hannunta ke kaiwa in ta miƙa shi sama. Yaya siririya ce a lokacin, doguwa, tana ta dariya tana rufe baki da mayafi.

Na ce, “Kai Sai Asabar, gida za ka gina mata ko riga?”

Ya ce, “Ke dai ki zuba ido. Gidan da mutane ke ginawa na kowa da kowa ne. Wannan na Maman Tilo ne ita kaɗai.”

Akwai wata babbar bishiya a gefen filin. Yaya ta nuna ta, ta ce ita dai a yi mata taga ta wajen nan. Ya rubuta awon duka a jikin kwali, ya rataye a ƙusa kamar na wurin aiki. Daga ranar ya hana ta zuwa, wai sai ya gama za ta gani gaba ɗaya.

Shekara goma sha tara ke nan fa nake ba ku labari. Da sassafe zai fita da burodi a leda da gorar shayi, ya dawo yamma lis, fari fat da ƙura, ya ci abinci yana gyangyaɗi. Kowace Lahadi da la'asar Yaya kan fito da kujeru biyu ƙofar ɗaki, ko Allah zai sa ya dawo da wuri. Ni ce ke zama a ta biyun. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi a gabana ba, iyakarta ta ce, “Don ni yake yi ai.” Ni kuwa raina ya fara ɓaci tun Tilo na aji uku. Yarinyar nan ta girma, ta gama makaranta, ta samu aiki a wani gari mai nisa, ubanta bai san sunan ƙawarta ko ɗaya ba.

Jikin Yaya ya fara canzawa a hankali. Ta yi ƙiba, ƙafafu suka riƙa kumbura, hawan jini ya shigo. Ranar Asabar likitanta ke ganin masu irin ciwon, saboda haka ni ke raka ta. In ya tambaya da yamma, sai ta ce da sauƙi, shi kuma ya yarda, ya shiga ba ta labarin rufi. Wata Asabar ɗin ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Wayarsa na aljihun rigar da ya rataye a ƙusa don kada ƙura ta shige ta, haka yake yi kullum. Sai bayan awa shida ya ji.

Wallahi ya yi kuka a asibiti, na gani da idona. Amma maimakon abin ya zaunar da shi, sai ya ƙara masa wuta. Ya ce yanzu ne ma ya kamata ya gama, ya fitar da ita daga ɗakin sanyin nan. Wata bakwai ya ƙara, tana zaune a keken guragu, ni da wata maƙwabciya muna juya ta.

Ranar da ya ce an gama, ya ɗauko mota, ya sa sabuwar riga, har da turare. Gidan ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Muka ɗaga keken muka hau matakala uku, ya tura shi ƙofa, sai ji muka yi ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ya ja baya, ya karkata, ya sake turawa. Ina! Ya zaro tef ya auna ƙofa, inci ashirin da huɗu. Ya auna keke, ashirin da shida. Duk ƙofofin gidan haka suke, don da kansa ya kai wa mai walda awon, wai faɗin kafaɗarta da rara mai yawa, sauran ɓarnar bango ne.

Na ce, “Wata bakwai keken nan na ɗakinka, tef na wuyanka, ba ka taɓa auna shi ba?”

Ya mayar da tef ɗin wuyansa. Muka ɗauke ta ni da shi, muka shiga da ita a kaikaice, hannunta mai ciwo na gugar ƙarfen ƙofa, muka zaunar da ita a kujerar roba a tsakar ɗaki. Ya shiga nuna mata kantar ajiye kaya daidai hannunta, wurin wanke-wanke daidai gwiwar hannunta, duk na matar da ke tsaye a ciyawa shekara goma sha tara da suka wuce. Ya juya kujerar ta fuskanci taga. Tagar na can sama, daidai idonta in tana tsaye. Daga zaune bango kawai take gani da ɗan yankin sama.

Bakinta ya karkace tun ciwon, maganarta a hankali take fita. Ta ce, “Baban Tilo, bishiyar tana nan?”

Ya ce, “Tana nan. Zan sauke tagar, zan faɗaɗa ƙofofin. Asabar uku kawai.”

“Ka bar shi haka. Asabar ɗin nan ka zauna a gida.”

“Haba Maman Tilo, an zo ƙarshe kuma? Asabar uku fa na ce.”

Na fita waje don kada in faɗi abin da zai raba zumunci.

Muka mayar da ita ɗakin haya. Asabar ta farko ya tafi da guduma. Ta biyu ma haka. Ranar Lahadin da ta biyo baya, da la'asar, Yaya ta yi mini nuni da ido in tura ta ƙofar ɗaki, in ajiye kujera a gefenta. Na ajiye, na zauna a kai kamar kullum. Muna nan zaune numfashinta ya canza. Kafin maƙwabciya ta samo mota, Allah ya karɓi abarsa.

Na kira wayarsa ya fi sau goma. Na san inda take rataye. Na hau babur na tafi.

Na same shi zaune a kujerar roban nan a tsakar ɗaki, ɓaraguzan bulo ko'ina, ya fasa bangon ƙasan taga har zuwa gwiwa. Yana ganina ya washe baki.

“Yauwa, 'yar tsokana, zo ki zauna nan ki gani. Daga zaune ma ana ganin bishiyar har gindi.”

Na faɗa masa. Ban san da wace kalma na faɗa ba. Ya dube ni, ya dubi tagar, ya ciro tef daga wuyansa yana naɗewa a yatsa.

Ya ce, “Ai saura ƙofar banɗaki kawai.”

Yanzu ya bar aiki, yana zaune a gidan shi kaɗai, kowace rana Asabar ce a wurinsa, kuma ba abin da ya rage na yi. Na so in ci gaba da jin haushinsa, na kasa, tausayi ya fi ƙarfina. Bayan rasuwar da wata guda ya zo ya roƙe ni keken, na ba shi ban tambaya ba. Da yamma ya kira ni.

Ya ce, “Na tura shi tun daga waje har gaban taga. Ya shige, bai taɓa ko'ina ba.”