Mai Raket a Tashar Gaya

A tashar Gaya ga wata doguwar budurwa rungume da jaka kamar jariri. Damtsenta na dama ya fi na hagu kauri, da gani ya sha dukan ƙwallon tanis. Direba kuwa, don rashin mutunci, ya dage sai ya danne jakar da buhun gero.

"Malam, raket ne a ciki, zai karye. Gobe ina da gasa a Abuja."

Ko kallonta bai yi ba. Sai wata tsohuwa 'yar Toranke ta leƙa jakar.

"Kai ɗan nan, abin kashe sauro ne. Kar ka fasa mata."

Nan take ya ɗage buhun. Shekarun da ta yi tana gumi a fili ba su cece ta ba, sai sauro.